Muhammadu Al-Kashinawi: Bakatsinen da ya kai ilimin lissafi birnin Alƙahira

A shekara ta 1154 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 1741 Miladiyya, wani malami baƙo ya rasu a birnin Alƙahira, a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, ɗaya daga cikin manyan masana falaki da lissafi na ƙasar Masar a wancan zamani. Kafin cikawarsa ya naɗa mai masaukin nasa wasiyyi a kan dukiyarsa da littattafansa. Aka kai shi makwancinsa a maƙabartar da ake kira Bustan al-Ulama, wato lambun malamai, aka yi gini a kan kabarin, aka rubuta sunansa. Sunan nan dogo ne, kuma kowane yanki nasa yana nuna asali: Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashinawi al-Danrankawi al-Sudani. Ma'ana Bafulatani, Bakatsine, mutumin Ɗan Ranko, daga ƙasar baƙar fata.

Mafi yawan labarin rayuwarsa ya zo mana ne ta alƙalamin ɗan mai masaukin nasa, Abdurrahman al-Jabarti, shahararren marubucin tarihin Masar, a cikin littafinsa Aja'ib al-Athar. An haifi Abdurrahman kimanin shekara 12 bayan rasuwar Al-Kashinawi, saboda haka bai taɓa ganinsa ba, amma ya tashi a gidan da aka bar wa amanar littattafansa. Ya jera malamansa, da abin da ya karanta a wurin kowannensu, da abin da shi kansa ya wallafa.

Wanda ya bi wannan jeri a natse zai lura da abu guda. Duk manyan malaman da aka lissafa, a wurinsu ya yi karatu kafin ya tashi zuwa aikin hajji. Wato a nan ƙasashenmu ya koyi lissafin, ya ɗauke shi a ka har Makka da Masar, inda ya zauna a matsayin malami, manyan gari suna ɗaukar karatu a gabansa. Abin da ya bari a rubuce kuwa ya haɗa da ƙa'idojin aiki mataki-mataki, waɗanda duk wanda ya bi su zai isa ga amsa daidai, irin tunanin da a yau aka gina ilimin kwamfuta a kansa.

Katsinan da ta raine shi

Ɗan Ranko da aka danganta shi da shi gari ne a ƙasar Katsina. A zamanin da ya taso, wato farkon ƙarni na 18, Katsina na cikin ganiyarta ta kasuwanci. Bayan da sojojin Maroko suka karya daular Songhai a 1591, ciniki mai yawa na ƙetare Sahara ya karkato gabas, ayarin raƙuma daga Agadas da Ghat da Ghadames suka riƙa sauka a birnin, fatake kuma suna bin hanyar Gwanja ta kudu maso yamma suna kawo goro. Tare da kayan fatauci ne takarda da littattafai da malamai suke shigowa.

Harkar ilimi ta riga ta daɗe da kafuwa a garin. Shaihu Muhammad al-Maghili ya ziyarci Kano da Katsina a wajen 1493. Jalaluddin al-Suyuɗi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1505, ya aiko da wasiƙar nasiha ga sarakunan wannan yanki, cikinsu har da Sarkin Katsina Ibrahim. Muhammad al-Tazakhti, wanda Katsinawa suka sani da Ɗantakum, ya zauna a birnin ya yi alƙalanci har rasuwarsa a wajen 1529. A ƙarni na 17 aka yi Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, wanda ya rayu daga 1595 zuwa 1667, kuma unguwar Masanawa na nan har gobe. A wajen birni kuma akwai garuruwan malamai irin su 'Yandoto, wadda a yau take cikin jihar Zamfara. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman ya bi diddigin wannan zamani a littafinsa na tarihin Katsina da aka buga a Zariya a 1981.

A irin wannan al'umma lissafi abin buƙata ne na yau da kullum. Alƙali ba zai raba gado ba sai ya iya sarrafa rabi da rubu'i da sumuni da sulusi da sudusi, ya kuma san abin yi idan rabon magada ya zarce dukiyar. Mai fitar da zakka yana buƙatar nisabi da awo. Ladan da liman suna buƙatar sanin lokacin salla da alƙibla. Manomi yana jiran malami ya gaya masa tauraron da ake ciki, don ya san lokacin shuka. Duk waɗannan suna ƙarƙashin abin da malamai ke kira hisabi da falaki.

Malamansa da karatunsa

Al-Jabarti ya ambaci manyan malamansa huɗu. Akwai Shaihu Muhammad al-Wali, malamin tauhidi Bafulatani da ya zauna a Bagarmi, a cikin ƙasar Chadi ta yau, wanda ya shahara da sharhinsa a kan aƙidar Sanusi da kuma rubutunsa na yaƙi da shan taba. Akwai Shaihu Hashim. Akwai Shaihu Muhammad Fodiyo, wanda a hannunsa ne karatu ya fara buɗe masa, musamman nahawu da sarfu. Sai Shaihu Muhammad Bindu.

Tun yana ɗalibi ya yi suna da ƙarfin hadda. An yi masa laƙabi da mai Maƙamat, saboda ya haddace Maƙamat ɗin Hariri har ta kai idan aka ambaci kalma ɗaya daga ciki zai kawo abin da ya gabace ta ba tare da tsayawa tunani ba. Da ya ƙware a nahawu kuma aka koma kiransa Sibawaihi, sunan babban malamin nahawun Larabci na ƙarni na 8.

A wurin Shaihu Bindu ya karanta usulu da balaga da manɗiƙi da littattafan aƙida na Sanusi, ya saurari Sahihul Bukhari da babban kaso na Mukhtasar Khalil. A nan ne kuma ya ɗauki ilimin haruffa da na hatimai, da hisabi, da ilimin sanin lokuta bisa tafarkin malaman Magrib.

Wannan fanni na ƙarshe, wanda ake kira mawaƙit, ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. A zamanin da babu agogo a hannun kowa, da inuwa ake gane lokacin sallolin rana. Azahar tana shiga idan rana ta karkata daga tsakiyar sama, inuwa ta fara ƙaruwa bayan ta kai ƙarshen gajartarta. La'asar tana shiga idan inuwar abu ta kai tsawonsa, ban da inuwar da ta rage masa a tsakar rana. Wahalar ita ce wannan ragowar inuwa tana canzawa daga wata zuwa wata, kuma tana bambanta daga gari zuwa gari. Katsina tana wajen digiri 13 arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka rana tana tsayawa daidai kan mutum sau biyu a shekara, a ƙarshen Afrilu da kuma tsakiyar Agusta, tsakanin lokutan biyu kuwa inuwar tsakar rana kudu take faɗawa. A birnin Fas na Maroko, wanda ke wajen digiri 34, hakan ba ya taɓa faruwa. Jadawalin da aka yi wa Fas ba zai yi wa Katsina aiki ba, dole malami ya fahimci ƙa'idar ya sake lissafin da kansa. Kuma amsar tana da wa'adi, domin lissafin lokacin la'asar da aka kammala bayan faɗuwar rana ba shi da sauran amfani komai daidaitonsa.

Hanyar hajji

Da ya ga ya samu abin da ya samu, sai ya nemi izinin malaminsa ya kama hanyar gabas. A wancan zamani tafiyar hajji daga ƙasar Hausa kan ci shekaru, mahajjaci yana tafe yana yada zango, yana karatu ko koyarwa ko sana'a don ya sami guzurin ci gaba. Al-Kashinawi ya ratsa masarautu da dama, ya gana da sarakunansu da malamansu. A wani zango ya zauna wata biyar a wurin wani malami yana karanta ilimin bugun ƙasa da wasu littattafan hisabi. Al-Jabarti ya ce ya rubuta labarin wannan tafiya tasa.

Ya yi hajji a shekara ta 1142, wato 1730, sannan ya zauna a Makka. A can ya fara rubuta babban littafinsa, Al-Durr al-Manzum, a kan ilimin taurari da ɗalasimai, wanda ya gina a kan wani tsohon littafi da ake dangantawa ga Fakhruddin al-Razi mai suna Al-Sirr al-Maktum. Ya kammala shi a Masar a watan Rajab na 1146, wato ƙarshen 1733. Daf da wannan lokaci, a 1145, ya gama littafin da masana tarihin lissafi suka fi damuwa da shi, Bahjat al-Afaƙ, a kan ilimin haruffa da hatimai. Yana kuma da rubutacciyar waƙa a kan manɗiƙi mai suna Minah al-Ƙuddus, wadda ya yi wa dogon sharhi da kansa, da littafin nahawu mai suna Bulugh al-Arab.

Masar ɗin da ya tarar lardi ce a ƙarƙashin daular Usmaniyya ta Turkiyya, kuma masallacin Azhar cike yake da ɗalibai daga sassan duniyar Musulmi, kowace al'umma da sashenta na kwana da karatu. Mai masaukinsa Hasan al-Jabarti, wanda aka haifa a 1698, shi ma jikan baƙi ne, domin kakanninsa daga yankin Zaila suka zo, a gaɓar gabashin Afirka. Malamin fiƙihun Hanafiyya ne, gidansa kuma matattara ce ta masu sha'awar falaki da kayan auna taurari. Ya zaunar da Bakatsinen a gidansa, ya karanta littattafan hatimai a gabansa, suna tare har mutuwa ta raba.

Hatimi a idon mai lissafi

Babu Bahaushen da bai san hatimi ba. Ana ganinsa a kan allo, a cikin laya, a bangon wasu littattafan addu'o'i: zane mai kusurwa huɗu da aka rarraba gida-gida, kowane gida da lamba ko harafi. Abin da yawancin mutane ba su lura da shi ba shi ne hatimin lambobi matsala ce ta lissafi mai sharaɗi tsayayye. Za a zuba lambobi a jere daga 1, ba a maimaita ko ɗaya ba, ta yadda jimlar kowane layin kwance, da kowane layin tsaye, da layuka biyu na kusurwa zuwa kusurwa, za ta zama iri ɗaya.

Jimlar ma tana da ƙa'ida. A ninka adadin gidajen layi ɗaya da kansa, a ƙara 1, a ninka da adadin gidajen layin, a raba biyu. Hatimi mai gida uku-uku zai ba da 15, mai biyar-biyar 65, mai bakwai-bakwai 175, mai sha ɗaya-sha ɗaya 671.

Wanda ya ce zai cika hatimi ta hanyar gwaji da canki-canki zai sha wahala. A mai gida biyar-biyar kaɗai, yawan hanyoyin da za a iya jera lambobi 25 adadi ne mai lambobi 26 idan aka rubuta shi. Saboda haka masana suka nemi hanyar da za ta kai mutum ga amsa kai tsaye, kuma a nan ne gudummawar Al-Kashinawi take. A cikin Bahjat al-Afaƙ ya shimfiɗa hanyoyi da dama na gina hatimai masu adadin wutiri, wato 3, 5, 7, 9 da sauransu, har da wadda ake bin tafiyar doki ta wasan darar shaɗaranji, gida biyu a miƙe sannan ɗaya a gefe.

Ga misalin irin waɗannan hanyoyi, wanda mai karatu zai iya gwadawa da biro. A zana gida tara. A sa 1 a gidan da ke ƙarƙashin na tsakiya. Daga nan kowace lamba ta gaba tana sauka gida ɗaya ƙasa, gida ɗaya dama. Idan tafiyar ta fice ta ƙasa sai a dawo ta sama, idan ta fice ta dama sai a dawo ta hagu, tamkar an naɗe takardar bakinta ya haɗu. Idan aka tarar gidan da za a shiga da lamba a ciki, sai a sauka gida biyu ƙasa daga inda ake, a ci gaba. Sakamakon shi ne:

4 9 2
3 5 7
8 1 6

Kowane layi 15 ne. Waɗannan umarni guda huɗu, ba tare da an canza komai ba, za su cika hatimi mai gida biyar-biyar, ko mai ɗari da ɗaya-ɗari da ɗaya. Mai bin su ba ya buƙatar hazaƙa ko sa'a, biyayya ga mataki kawai ake nema a wurinsa. Wannan shi ne abin da masana kwamfuta ke kira algoridim, kalmar da ta samo asali daga sunan Muhammad bin Musa al-Khwarizmi, masanin lissafin Bagadaza na ƙarni na 9.

Adalci ya sa a faɗi cewa fannin ya girme shi da ƙarnoni. Mutanen Sin sun san hatimi mai gida tara tun zamanin da. Ƙungiyar Ikhwan al-Safa ta Basra ta kawo hatimai a cikin wasiƙunta a ƙarni na 10, Abul Wafa al-Buzjani ya yi rubutu a kan gina su a wannan ƙarni, Ahmad al-Buni kuma ya yaɗa amfani da su a fagen asirai a ƙarni na 13. A Turai, jakadan Faransa Simon de la Loubère ya buga wata hanya mai kama da wadda aka nuna a sama a 1691, bayan dawowarsa daga Siyam, wato Tailan ta yau. Matsayin Al-Kashinawi shi ne na gwanin da ya tattara hanyoyin, ya tsara su, ya bayyana su yadda ɗalibi zai iya bi, har littafinsa ya zama madogara ga masu binciken yadda malaman Musulmi suka gina hatimai.

Tsakanin asiri da lissafi

Zai zama ha'inci ga tarihi a mayar da shi farfesan lissafi irin na jami'ar yau. A wurinsa lambobi da haruffa da taurari suna da asirai, kuma don waɗannan asirai ya rubuta abin da ya rubuta. Kowane harafin Larabci yana da adadinsa a lissafin abajada, saboda haka ana iya mayar da suna ko aya lamba, a zuba ta cikin hatimi da niyyar neman tsari ko waraka ko biyan buƙata. Malaman Musulunci sun daɗe suna saɓani a kan wannan. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya soki duba da taurari da asirin haruffa a cikin Muƙaddima, kuma har yau ana tafka wannan muhawara a zaurukan Katsina da Kano da Sakkwato.

Shi kansa Al-Kashinawi ya hori ɗalibansa da abu biyu: su yi haƙuri da naci kada su karaya idan aiki ya ƙi ci, kuma su riƙe ilimin a ɓoye, kada su watsa shi ga kowa. Horon farko shi ne halin kowane mai bincike. Na biyun kuwa ya yi wa lissafin tsada. Ilimin da ake miƙawa a asirce daga malami zuwa zaɓaɓɓen almajiri ba ya samun masu gwada shi a fili, su gano kuskure, su ƙara a kai. Da tafiya ta yi nisa, sai zanen ya yaɗu ko'ina, ƙa'idar gina shi ta tsaya a hannun 'yan kaɗan. Kowa ya san yadda kasuwar hatimi ke ci a Arewa idan zaɓe ya ƙarato, amma da wuya a sami mai saye da zai iya faɗin dalilin da ya sa layukan suke ba da jimla ɗaya.

A Turai wannan wasan lambobi ya bi wata hanyar. An buga lissafin Bernard Frénicle de Bessy a 1693, wanda ya nuna cewa hatimai masu gida huɗu-huɗu guda 880 ne. Leonhard Euler ya yi rubutu a kan hatimai a 1776, sannan a 1782 ya fitar da bincike a kan danginsu, wato jadawalin da kowace alama ke fitowa sau ɗaya tak a kowane layi. A shekarun 1920 Ronald Fisher ya yi amfani da irin wannan jadawali wajen tsara gwajin taki da iri a gonar bincike ta Rothamsted a Ingila. A 1973 Richard Schroeppel ya sa kwamfuta ta ƙirga hatimai masu gida biyar-biyar, ta sami 275,305,224. Kowane ɗayansu ya buga abin da ya gano, na bayansa ya ɗora.

Ɗalibinsa da agogon rana

Kimanin shekara takwas bayan rasuwar Al-Kashinawi, wani abu ya faru a Alƙahira da ke nuna darajar gidan da ya zauna. Wani sabon gwamna, Ahmad Pasha, ya zo daga Istanbul yana da sha'awar ilimin lissafi da falaki. Ya tattauna da shugabannin Azhar, ya tarar ba fanninsu ba ne, ya nuna mamakinsa ga Shaihun Azhar na lokacin, Abdullahi al-Shubrawi. Shaihun ya nuna masa Hasan al-Jabarti. Gwamnan ya riƙa ɗaukar karatu a wurinsa, kuma daga wannan zama aka sassaƙa agogunan rana a kan duwatsun marmara aka kafa a masallatai, har da na Azhar, don gane lokutan salla.

Hasan al-Jabarti yana da wasu malaman a fannin falaki, ba Bakatsinen kaɗai ba. Duk da haka labarin ya nuna cewa a lokacin da masu wannan ilimi suka yi ƙaranci a babban birnin ilimi na duniyar Musulmi, mutumin da aka nuna a matsayin gwani yana cikin waɗanda suka durƙusa gaban malami daga ƙasar Katsina.

Amsa daidai, a kan lokaci

Al-Kashinawi bai ga na'ura mai lissafi ba, kuma injiniyoyin da suka ƙera kwamfuta ba daga littafinsa suka koya ba. Dangantakar da ke tsakaninsu ta salon tunani ce. Fannoni biyun da ya ɗauka a wurin Shaihu Bindu, ƙa'idar da ke kai wa ga amsa da kuma lissafin da ke da wa'adi, su ne ginshiƙan wani reshe na binciken kwamfuta a yau, wanda ke nazarin na'urori masu aiki a cikin ƙayyadadden lokaci.

A irin waɗannan na'urori, amsar da ta makara daidai take da kuskure. Jakar iskar mota dole ta buɗe cikin ɗan yanki na sakan bayan karo. Na'urar da ake dasa wa mai ciwon zuciya dole ta aika bugu a lokacinsa. Babban layin wutar lantarki na Najeriya dole a riƙe kaɗawarsa kusa da 50 a kowane sakan, idan ta kauce da yawa ba a gyara nan take ba sai layin ya durƙushe, ƙasa ta faɗa duhu. A 1973 masu bincike biyu a Amurka, C. L. Liu da James Layland, suka buga maƙalar da ta zama harsashin fannin. Sun nuna cewa idan kwamfuta ɗaya tana da ayyuka masu maimaituwa, a ba wanda ya fi saurin dawowa fifiko, kuma muddin jimlar nauyin ayyukan ba ta wuce kimanin kashi 69 cikin 100 na ƙarfinta ba, babu aikin da zai wuce wa'adinsa. Ƙa'ida ce gajera, mai hujja, wadda ke ba da tabbaci tun kafin a kunna na'ura, kamar yadda matakai huɗun nan ke ba da tabbacin jimlar hatimi tun kafin a ɗiga tawada.

'Yan Najeriya sun ɗanɗana muhimmancin wa'adi a ranar 25 ga Fabrairun 2023, lokacin da sakamakon zaɓen shugaban ƙasa daga rumfuna bai hau shafin IReV na hukumar zaɓe a lokacin da aka yi alkawari ba. Hukumar ta ce tangarɗar na'ura ce, batun kuma ya shiga cikin ƙararrakin da suka kai har Kotun Ƙoli. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan wancan zaɓe, ƙasar da ke ɗora zaɓenta da wutarta da kuɗinta a kan na'urori tana buƙatar 'ya'yanta da suka san ƙa'idojin da ke cikinsu, waɗanda za su iya bincika su a fili.

Inda aikinsa yake a yau

Sunansa ya dawo fagen binciken zamani sannu a hankali. A. D. H. Bivar da Mervyn Hiskett sun ambace shi a nazarinsu na 1962 a kan rubuce-rubucen Larabci na Najeriya kafin jihadi. A 1967 Hassan Ibrahim Gwarzo ya buga maƙala a Ibadan a kan bayaninsa game da ramzi, wato hanyar ɓoye shekara a cikin haruffan kalma, wadda marubuta waƙoƙin Hausa na ajami suka saba rufe waƙa da ita. A 1973 Ba'amurkiya Claudia Zaslavsky ta gabatar da hatimansa ga malaman makaranta na duniya a littafinta Africa Counts. Masanin tarihin lissafi Jacques Sesiano na Suwizalan ya yi nazarin hanyoyinsa, John Hunwick kuma ya jera ayyukansa a kundinsa na 1995. Akwai kwafin Bahjat al-Afaƙ na rubutun hannu a ɗakin karatu na makarantar SOAS da ke Landan, an kuma buga Al-Durr al-Manzum a Alƙahira a ƙarni na 20.

Jihar Katsina a yau tana da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Jami'ar Al-Qalam, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina. Aikin da ke jira a bayyane yake, kuma bai fi ƙarfin kasafin jiha ba: a samo hotunan rubutun hannun, a haɗa masanin Larabci da masanin lissafi su tace shi, su fassara sassan lissafinsa zuwa Hausa, a sa su a hannun ɗalibai. Matakai huɗun da ke sama sun isa darasin farko na rubuta manhaja ga ɗan aji ɗaya, kuma zai yi shi yana sane da cewa wani ɗan ƙasarsu ya koyar da irinsa a Alƙahira kusan shekara 300 da suka wuce.

Al-Kashinawi bai dawo Katsina ba. Ya bar littattafansa a hannun ɗalibin da ya amince da shi, ɗan wannan ɗalibi kuma ya adana mana sunansa da sunayen malamansa. Allah ya jiƙansa.